Yadda Muryar Mutumin Bugaje Ta Kai Majalisar Kaduna

 Abin da za a yi magana a kansa shi ne wakilan majalisa na zamanin Turawa, da gyare-gyaren da aka yi wa majalisar, da inda hannun ma'aikatan En'e ya shiga ciki. Za a auna zancen ne da mutumin Bugaje, manomi mai biyan haraji, wanda ke zaune a bakin iyaka ta wajen Jibiya, domin ya fi kusa da Maraɗi nesa ba kusa ba bisa ga Kaduna, balle Ikko.

Tun cikin shekarar 1922 Gwamna Kilifod ya shirya Majalisar Dokoki a Ikko, ya ba da kujeru huɗu na zaɓe, uku na Ikko, ɗaya na Kalaba. Ba mai jefa ƙuri'a sai namijin da ke samun fam 100 a shekara. Arewa kuwa ba ta ciki sam, Gwamna ne ke yi mata doka da kansa, ta biyo ta hannun Razdan, ta sauka wurin Sarki, Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya kira dagaci. Mutumin Bugaje ba ya jin labarin doka sai ran da ta iso ƙofar gidansa. Haka aka zauna shekara 24.

Cikin Janairu 1947 tsarin Gwamna Ricas ya fara aiki. Aka kafa majalisa biyu a Kaduna, ta Sarakuna da ta Wakilai. Amma fa waɗannan wakilai ba talakawa suka zaɓe su ba, En'e-En'e ne suka tsamo 14 daga cikin mutanensu, Gwamna ya naɗa waɗansu, sauran kujeru kuwa na Turawan mulki ne. Ikon majalisar bai wuce ba da shawara ba, ta duba doka da ƙiyasin kuɗi, ta faɗi ra'ayinta, a ɗauka ko a bari. Daga nan aka tura mutum tara zuwa Ikko, sarakuna huɗu da wakilai biyar. Sarkin Katsina Usman Nagogo na cikin sarakunan, cikin biyar ɗin kuwa akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Aliyu Makaman Bida, da Malam Iro Katsina. In aka duba za a ga yawancinsu a teburin En'e ko a ajin Midil suka goge, nan suka koyi karanta ƙiyasi da tsara magana a gaban manya.

A ƙetaren iyaka abin ya bi wata hanya dabam. Cikin Afrilu 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas, wanda ya daɗe yana koro mutanen ƙasar Maraɗi zuwa ƙauyukan Katsina, cikin Nuwamba kuma aka zaɓi Diori Hamani, malamin makaranta, ya tafi Faris ya zauna a majalisar Faransa kanta. Masu ƙuri'ar kaɗan ne ƙwarai, amma labari ba ya neman izini a kan iyaka. Wanda ya ci kasuwar Jibiya ya ji shi.

Gwamna Makfasan ya zo cikin 1948, bai jira wa'adin tsarin Ricas ya cika ba, ya ce a tambayi jama'a. Cikin 1949 aka yi ta taro daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, har aka haɗu a Badun cikin Janairu 1950. A can ne Sarkin Zazzau Ja'afaru ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to, gara a raba ƙasar, Sarkin Katsina ya goyi bayansa. Aka ba ta 68 cikin 136.

Babban al'amari kuwa ga masu wannan taro shi ne abin da ya auku a Kaduna ran 19 ga Agusta 1950. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi kansa ma'aikacin En'e ta Bauchi ne, ya miƙe ya nemi a naɗa masu bincike su duba yadda a ke tafiyar da mulkin En'e, domin a gyara shi. Ya yi magana a kan cin hanci, da yadda talaka ba shi da bakin faɗa cikin sha'anin da ya shafe shi, da yadda a ke barin Sarki shi kaɗai da iko ba tare da an bayyana iyakarsa ba. Maganar ta yi wa manya da yawa zafi, ba mamaki, gama ɗan gida ne ya ɗaga labule. Aka jefa ƙuri'a, ta wuce da rinjayen mutum ɗaya tak. Gwamnati ba ta naɗa irin masu binciken da ya nema ba, sai ta sa Turawan mulki biyu, Madoks da Fot, suka zaga suka rubuta rahoto. Duk da haka cikin 1952 aka soke tsarin Sarki shi kaɗai, ya zama Sarki da majalisarsa, cikin 1954 kuma aka yi sabuwar Dokar En'e wadda ta tanadi majalisun gunduma da na ƙauye. Wanda ya yi aikin kotu ya san ƙarar da ɗan gida ya kawo ta fi wuyar kora, don ya san inda a ke ajiye takardu.

To, sai zaɓen 1951, wanda a cikinsa ne aka fara tambayar mutumin Bugaje wa ya ke so. Ga yadda aka yi. A kan tara maza masu biyan haraji a fili, su nuna waɗanda za su tsaya musu. Waɗannan su tafi mataki na gaba su zaɓi kaɗan daga cikinsu, su kuma su zaɓi waɗansu, hawa-hawa, wani wuri har hawa biyar, sai a ƙure a taron lardi. Lardin Katsina a sa'an nan ya haɗa ƙasar Katsina da ta Daura. A wannan taro na ƙarshe En'e tana da izinin ƙara mutanenta, ɗaya bisa goma na masu zaɓen, waɗanda ba su bi ta ko wane hawa ba. Su ne suka taru suka fid da wakilan lardi, aka sami mutum 90 daga Arewa duka. Ta nan Malam Isa Kaita, ma'aikacin En'e ta Katsina, ya shiga majalisa, daga baya ya zama Ministan Ilmi.

Alkali ba ya sakin jiki da shaidar "an ce wai an ce". Amma muryar manomi sai da ta bi ta baki huɗu ko biyar kafin ta isa Kaduna, ko wane baki kuwa yana da wanda ya ke jin kunya da wanda ya ke jin tsoro. An ga haka a fili a Kano, inda jam'iyyar NEPU ta yi nasara a hawan farko cikin birni, amma ko ɗaya daga mutanenta bai fita a taron ƙarshe ba. Masu kare tsarin sun ce jama'a ba su yi karatu ba tukuna, gara a tace. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai wanda ya riƙe rariya shi ne kuma ya fito daga cikinta, wannan kuwa ba a iya kare shi a gaban ko wane alkali.

Har wa yau akwai wani nauyi da ba a cika ambata ba. Da ya ke biyan haraji shi ne sharaɗi, littafin haraji shi ya zama shaidar mai zaɓe. Malamin da ke bin hakimi rangadi yana rubuta sunayen magidanta, sule nawa a kan wane, bai san yana rubuta wanda zai yi magana cikin mulkin ƙasa ba. Sunan da ya tsallake, ko don gajiya, ko don dagaci ya raɗa masa, mai shi ya huta da haraji, ya kuma rasa baki. Malaman da suka tsare wannan littafi da gaskiya, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, suna cikin waɗanda wannan ɗan littafi ya ke tunawa da su, ko da ya ke ba wanda ya taɓa kiran sunansu a zauren majalisa.

Sai cikin Disamba 1959, a zaɓen tarayya, kowane baligi namiji na Arewa ya shiga rumfa shi kaɗai ya jefa takardarsa cikin akwatin da ya ga dama, na fartanya ko na tauraro. Majalisar Kaduna ta rushe da juyin mulkin Janairu 1966, bayan haka aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, cikin 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbinta. A wannan shekara ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. 'Yan'uwansu na Ɗan Isa, a ƙetaren iyaka, dokar Faransa ta ba su wannan izini tun 1956, watau shekara 20 kafin matan Bugaje.