Aikin Kakakin Gwamnati: Darasi Daga Rayuwar Malam Garba Shehu



An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan ɗaya daga cikin yayyenmu da suka riga mu zama a ajujuwan wannan Jami'a ta Bayero, suka fita duniya suka yi suna. Mun zaɓi Malam Garba Shehu, domin da yawa daga cikinmu, musamman masu nazarin harsuna da aikin jarida, nan gaba kaɗan za su sami kansu a ofisoshin watsa labarai na ma'aikatu da hukumomi, inda za a ce su yi magana da bakin gwamnati. Ya kamata tun yanzu mu san irin kayan da za mu ɗauka.

An haifi Malam Garba a Dutse cikin 1959. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, sa'an nan ya zo nan Kano ya sami digirinsa na farko cikin 1981, watau shekara 4 bayan wannan makaranta ta zama cikakkiyar jami'a. Ya soma aiki a gidan talabijin na tarayya, daga bisani ya koma kamfanin jaridar Triumph, wanda gwamnatin marigayi Alhaji Abubakar Rimi ta kafa a 1980, kamfanin da ya fitar da Albishir cikin boko da Alfijir cikin ajami. A can ya yi ta hawa mataki mataki har ya zama shugaban kamfanin tun bai cika shekara 40 ba, kuma editocin ƙasar nan suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu.

Bayan haka sai ya tsallaka daga ɓangaren masu tambaya zuwa ɓangaren masu ba da amsa. A 2003 ya zama mai taimaka wa Mataimakin Shugaban Ƙasa Alhaji Atiku Abubakar kan harkar watsa labarai, ya kuma daɗe tare da shi. A zaɓen 2015 shi ya jagoranci sashen watsa labarai na yaƙin neman zaɓen Janar Muhammadu Buhari, kuma daga wannan shekara har zuwa 2023 ya riƙe muƙamin babban mataimaki na musamman kan watsa labarai a fadar Shugaban Ƙasa, tare da Femi Adesina. Abin lura a nan shi ne, gwamnatin soja ta Janar Buhari ce ta kafa Doka ta 4 a 1984, wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian a ƙarƙashinta, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Ga shi bayan shekara 31 tsohon shugaban editoci ya zama mai magana da yawunsa. Lalle duniya rawar 'yan mata ce.

Darasi na farko a bayyane yake. Wanda ya daɗe a ɗakin labarai ya san lokacin da jarida ke shiga injin bugawa, ya san irin tambayar da edita zai yi, ya kuma san cewa ɗan jaridar da aka ƙi ɗaga wa waya zai rubuta labarinsa ko da amsa ko babu. Wannan sani ba a samunsa a rana ɗaya. Saboda haka duk mai sha'awar wannan aiki a cikinmu, to, ya fara koyon rubuta labari mai tsabta da bin diddigin magana kafin ya yi mafarkin babban ofis.

Darasi na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne dalilin wannan lacca. A watan Agusta na 2017 Shugaba Buhari ya dawo daga Landan bayan ya yi fiye da kwana 100 yana jinya. Da aka ga zai ci gaba da aiki daga gida, sai Malam Garba ya shaida wa 'yan jarida cewa ɓeraye ne suka yi ɓarna a ofishin Shugaban. Maganar ta zaga duniya, aka yi ta dariya. A cikin littafinsa, According to the President, wanda ya fito a watan Yuli na 2025, shi da kansa ya bayyana cewa ya ɗaga zancen ɓerayen ne domin ya kau da hankalin jama'a daga batun lafiyar Shugaban.

Muna yaba masa da ya fito ya faɗi wannan, domin ba kowane babba ne zai iya ba. Amma wajibi ne mu tambayi kanmu abin da dabarar ta jawo. Ta yi aiki na 'yan kwanaki, gaskiya ne. Sai dai lafiyar shugaban da miliyoyin mutane suka zaɓa magana ce da talakawa ke da hakkin sani, kuma duk wanda ya ji asalin labarin ɓerayen, gobe in wani kakaki ya fito yana ba da sanarwar annoba ko ambaliya ko harin 'yan bindiga, zai tsaya yana shakka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ke biyan bashin sau da yawa shi ne ƙaramin jami'in da ya gaji kujerar.

A fadar sarakunanmu an bambanta maroƙi da mai shela. Maroƙi yana wasa ubangidansa ne domin ya ji daɗi, shi kuwa mai shela yana isar da saƙo ne ga mutanen gari, kuma ranar da aka daina gaskata shi, ranar aikinsa ya ƙare. Kakakin gwamnati mai shela ne. Albashinsa daga baitulmalin jama'a yake fitowa, kuma tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman bayani daga hukuma. Akwai abin da kakaki zai iya cewa ba shi da izinin faɗa tukuna, wannan ba laifi ba ne. Abin da bai halatta gare shi ba shi ne ya juya hankalin mutane da gangan zuwa ga abin da ya san ba shi ne ainihin magana ba.

'Yan'uwa, wata rana shugaban ma'aikata zai kira ɗayanmu ya ce a rubuta sanarwa a rufe wani abu. Muna roƙon mu tuna cewa shawarar da ta fi amfani ga shugaba ita ce a faɗi gaskiya da wuri, cikin ladabi da hikima, kafin wani ya faɗe ta a madadinsa. Mu ɗauki ƙwazo da haƙuri da sanin makamar aiki daga Malam Garba Shehu, mu kuma ɗauki gargaɗin da shi da kansa ya rubuta mana.

Allah ya sa mu zama masu riƙon amana.