Ɗaukar Hoton Faifan Kwamfuta Tun Kafin Tsautsayi



A shekarar 1998, a kamfanin Pixar da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, ana tsakiyar haɗa fim ɗin zane mai suna Toy Story 2, sai wani ya ba kwamfuta umurnin share fayiloli a inda bai kamata ba. Kafin a ankara, kimanin kashi 90 cikin 100 na aikin ya salwanta. Da fari hankalin kowa a kwance yake, tun da akwai ajiya. Da aka je ga ajiyar kuwa, sai aka tarar ta daɗe da samun matsala ba wanda ya sani. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafin aikin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna, aka ɗauko ta a mota ana lallaɓawa kamar ƙwai.

To, idan haka ta faru ga kamfanin da ke da ƙwararru da kuɗi, ina ga ɗan kasuwarmu a Kumasi ko Jidda, wanda lissafinsa na shekara goma ke cikin kwamfuta ɗaya, ko ɗalibinmu a nan Ingila da ya kusa kammala kundin digirinsa? Faifan ajiya na kwamfuta abu ne mai ajali. Wani yakan yi gargaɗi da ƙara ko nawa, wani kuwa a kwana da shi lafiya a wayi gari ya mutu.

Yawancinmu abin da muka sani shi ne kwafe hotuna da takardu zuwa filash. Wannan yana da kyau, amma bai isa ba. Ranar da faifai ya mutu, ba takardu kaɗai suka tafi ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta tafi, da dukan manhajojin da aka ɗora, da tsare-tsaren da mutum ya ɓata shekaru yana daidaitawa. Maganin wannan shi ne ɗaukar hoton faifai, watau a kwashe faifan gaba ɗaya yadda yake, har da sashen da ke tayar da kwamfuta, a dunƙule shi a adana a wani faifai dabam. In an sayo sabon faifai aka mayar da hoton, kwamfuta za ta tashi kamar ranar da aka ɗauke shi. Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ake juye faifai kai tsaye cikin wani ya zama tagwayensa. Ita ce ake bi idan ana son sauya tsohon faifai da sabo mai sauri.

A dā wannan aiki na masu kuɗi ne. Manhajar da ta yi suna a kansa ita ce Ghost, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998, kana ya daina sayar da ita ga masu amfanin gida a 2013. Bayanta mutane da yawa suka koma ga Macrium Reflect, wadda ke da nau'i na kyauta, sai dai kamfanin ya janye shi, gyaransa na ƙarshe kuwa ya tsaya a farkon 2024. A nan akwai abin lura: kyautar da kamfani ya bayar, yana iya janye ta duk ranar da ya ga dama.

Sabo da haka ni na fi natsuwa da Clonezilla, wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka ƙera a wata cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Taiwan. Ba kyauta kaɗai ba ce, asirinta ma a buɗe yake, ko wa yana iya dubawa ya gyara ya rarraba. Ana ɗora ta a kan filash, a tayar da kwamfuta daga nan, domin ba ta ɗaukar hoton faifai yana cikin aiki. Tana da wayon tsallake wuraren da babu kome, ta kwashi inda aka yi rubutu kaɗai, sa'an nan ta matse shi, har faifai babba ya koma hoto madaidaici. Makarantu ma sukan yi amfani da babban nau'inta su juye kwamfutoci arba'in ko fiye a lokaci guda. Aibinta biyu ne. Na ɗaya, faifan da za a juye a cikinsa dole ya kai na asali girma ko ya fi shi. Na biyu, fuskarta ba ta da fara'a ko kaɗan, rubutu ne tsagwaronsa da tambayoyi masu firgita baƙo. Wanda wannan ya dame shi sai ya nemi Rescuezilla, wadda ta fito a 2019. Tana da hotuna da maɓallai, tana kuma karanta hotunan da Clonezilla ta ɗauka.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen zaɓen faifai. Waɗannan manhajoji ba su san faifanka da sunan da ka saba gani ba, sai su kira ɗaya sda, ɗaya sdb. Ni da kaina na taɓa juye faifan da babu kome a kan wanda ke ɗauke da aikina, domin gaggawa, kuma manhajar ta tambaye ni sau biyu na amsa mata. Tun daga ranar nakan rubuta girman ko wane faifai a takarda kafin in fara. In kuwa faifai ya riga ya soma ciwo, kada a matsa masa da waɗannan. Akwai wata mai suna ddrescue da ke fara kwashe wurare masu lafiya, daga baya ta komo kan masu rauni.

Bari mu koma ga mutanen Pixar. Ba rashin ajiya ya kusa kashe su ba, rashin gwada ta ne. Clonezilla tana tambaya ko a duba hoton bayan an ɗauka. A amsa mata da i, ko da zai ƙara rabin sa'a. Wanda ya fi wannan shi ne a sami faifai na banza a mayar da hoton a kansa, a ga kwamfuta ta tashi da ido. Sa'an nan a cire faifan ajiyar daga jikin kwamfuta, domin muguwar manhajar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, irin wadda ta durƙusar da asibitocin Ingila a watan Mayu na 2017, tana iya kama duk abin da ta tarar a haɗe. Wanda ya sami hali ya yi kwafi na biyu ya kai gidan ɗan'uwa, ya kuma rubuta ranar da ya ɗauki hoton a jikin faifan.