Garin da Aka Gina Don Bam: Jawabin da Aka Yi a Taron Reshen Gaya

Mu dai aikinmu koyar da yara a lakwal, ba mu san hikimar masu ƙera bam ba. Amma mun iya lissafi, kuma lissafi muka zo mu yi da ku yau.

Ku dubi arewa, inda hunturu ke fitowa. Can bayan Agadas, cikin hamadar Aljeriya, akwai wani gari, Reggane, a ƙasar Tuwat. A 1957 Faransa ta zaɓi wurin don gwada bam ɗin atom. Kafin bam ya tashi sai da aka gina masa gari. Aka haƙa rijiyoyi masu zurfi, aka ja bututun ruwa. Aka kafa injin lantarki, aka shimfiɗa filin jirgin sama da hanyar mota, aka yi asibiti da gidajen dubban soja da masana. Aka fafe gindin tudu aka sa ɗakunan bincike a ciki. Wajen kilomita 50 daga nan, a Hamudiya, aka zuba ɗakunan siminti masu kaurin bango inda masu awo za su fake, aka kafa hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100, aka ɗora bam a kanta. Duk wannan cikin shekara uku.

Ran 13 ga Fabrairu 1960 da sassafe aka tashe shi. Ƙarfinsa ya kusa ninka na Hiroshima sau huɗu. Hasumiyar ta narke, rairayi ya koma baƙin gilashi. Aka ƙara uku a sarari, na ƙarshe ran 25 ga Afrilu 1961.

To, wa ya ɗauki siminti? Wa ya haƙa ramin waya cikin rana? Talakawan hamada ne, 'yan'uwanmu, aka kwaso su lebura. Ran tashin bam abin da aka gaya wa mutanen wurin shi ne su kwanta rub da ciki su rufe ido. Ba a gaya musu cewa gubar tana cikin ƙura ba, ba ta da wari, ba ta da launi, tana shekaru kafin ta nuna kanta a jiki.

Afirka ba ta yi shiru ba. Gana ta riƙe dukiyar Faransa da ke ƙasarta a 1960. Maƙwabtanmu na Nijeriya, ran 5 ga Janairu 1961, suka kori jakadan Faransa daga Ikko. Da surutu ya yi yawa, sai aka koma ƙarƙashin ƙasa, a In Ekker, kamar kilomita 150 arewa da Tamanrasset. Nan aka huda dutse, aka yi rami mai nisa wanda ƙarshensa ya nannaɗe kamar dodon koɗi, wai in bam ya tashi dutsen zai rufta ya toshe kansa. Ran 1 ga Mayu 1962 dabarar ta ƙi. Hayaƙi da narkakken dutse suka ɓalle waje, har ministoci biyu da suka zo kallo, Pierre Messmer da Gaston Palewski, ƙurar ta same su. Su an wanke su an duba lafiyarsu. Makiyayin da ke bayan dutse fa? Bam 13 aka tasa a wannan dutse zuwa Fabrairu 1966. A 1967 suka tattara suka tafi, suka binne ƙarafa masu guba cikin rairayi.

Kada wani ya ce abin ya yi mana nisa. Iska ba ta tsayawa a duwan. A 2014 aka buga wata taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, ta nuna ƙurar bam na farko ta bazu kudu har Bamako da Njamena. Ku dubi inda muke tsakanin waɗannan garuruwa biyu, kuma ku tuna Fabrairu lokacin hunturu ne.

Yanzu ga lissafin. Jirgin ƙasan da ya taso daga Kotonu ya iso Paraku a 1936, nan ya tsaya. Gadar da ta haɗa mu da Malanbil sai 1958 aka same ta. Iyayenmu sun yi aikin tilas a kan hanyoyi har 1946. In suka roƙi rijiya ko likita, sai a ce ƙasa ta yi nisa, kuɗi babu. Ashe inda babu ko inuwa ana iya kai ruwa da wuta cikin shekara uku, in mai iko yana so! Kuma da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, ta kan gadar nan tamu aka yi shekaru ana wucewa da shi zuwa teku.

Ba gini muke ƙi ba, 'yan'uwa. Muna son magina da masu awo daga cikin yaranmu, don haka muke roƙo ku bar su a lakwal, maza da mata. Wanda ya iya karanta takarda ba a sa shi haƙa ramin da bai san abin da za a zuba ciki ba.

Ga saƙon da kowane reshe zai kai kasuwa, daga Gaya zuwa Doso. Duk ran da aka zo da babban aiki ƙasarku, ku yi tambaya uku kafin ku ɗauki diga. Don wa ake gina shi? Me zai bari a ƙasa da ruwa in an tashi? In lebura ya kamu da ciwo bayan shekara goma, wa zai biya? Ku nemi amsa a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran a bainar jama'a.

Allah ya kiyaye ƙasarmu da ruwanmu. Wassalamu.