Gansakuka a Ruwan Sha: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalansu a Tamanrasset



Tun shekarar 2011 ruwan da muke sha a Tamanrasset yake zuwa ta bututu daga In Salah, tafiyar fiye da kilomita 700. Wanda ya san wannan nisa ba ya wasa da ruwa. Shi ya sa za mu yi magana kan gansakuka, koren yauƙin nan da ke rufe tabki da korama, har da tankin gida.

Abu uku ke ciyar da ita: zafin rana, ruwan da ba ya gudu, da ƙazantar da ke kwarara cikinsa, kamar takin zamani, kashin dabbobi da ruwan wanki. A fadamun Haɗeja da Nguru, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, masunta da manoma suka tafka asara.

Akwai nau'in gansakuka mai shuɗi-kore da ke fitar da guba. Tana kawo amai, zawo da ƙaiƙayin fata, tana kuma lalata hanta. A 2020 gwamnatin Botsuwana ta ce ita ce ta kashe giwaye fiye da 300. Ku riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da wannan guba.

Don haka, idan kun kama hanyar Arlit, Agadas, Maraɗi ko Kano, ku ɗauki guzurin ruwa isasshe. Ruwan da ya yi kore ko yake wari, kada ku sha, kada ku shayar da raƙumi ko akuya. A gida, a rufe tanki da jarka don rana kada ta shiga, a riƙa wanke su akai-akai. A tafkunan duwatsun Ahaggar, irin su Afilal, kada a yi wanki da sabulu, domin makiyaya da dabbobinsu da su suka dogara.

Iyaye mata, ku hana yara wanka a kududdufi idan an je ganin gida. Cikin ciyayin ruwa katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama. Yaron da ya yi fitsarin jini, a kai shi asibiti. Ciwo ne mai magani, ba alamar balaga ba ce.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kai mu gida lafiya.