A Riƙa Leƙa Mai Jego Tun Kafin Ranar Suna

(Jawabin da kwamitin mata da yara ya gabatar a gaban babban taron ƙungiya a Sabo, Ibadan)

   

A taron da ya wuce an ɗora wa kwamitinmu nauyin ya duba maganar nan ta kai ziyara gida-gida ga iyalai masu ƙananan yara, ya kawo wa jama'a tsari. To, mun zauna, mun yi gardama, har an ɗan ɗaga murya, ga kuma abin da muka tsayar.

Bari mu fara da abin da ya tayar da maganar. Akwai wata yarinya, ba za mu faɗi gida ba, da aka kawo amarya daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Daminar da ta wuce ta sauka a ɗaki ranar wata Talata. Maigidanta tun asuba yake fita kasuwa, sai bayan isha'i. Maƙwabtanta a gidan haya Yarabawa ne, mutanen kirki, amma ita ba ta jin Yarabanci, su kuma ba sa jin Hausa. Ranar Alhamis jariri ya daina kama nono. Ta ɗauka barci ne, ga shi kuma ɗan fari, kunya ta hana ta magana. Ranar Asabar idonsa da tafin hannunsa sun koma ruwan ɗorawa. Sai Lahadi da dare aka kai shi asibiti, bai kwana ba. Mu kuwa duk mun shirya zuwa suna, an sayi rago, an raba goro. Ta'aziyya muka je. Mun sani rai ba ya wuce lokacinsa. Amma abin da ya tsaya mana a zuciya shi ne, daga Talatar nan har Lahadi, babu babbar mace ko ɗaya daga cikinmu da ta ɗaga labulen ɗakin ta ce mu ga yaron.

A gida ai ba haka ake yi ba. Mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa, ungozoma na zuwa safe da yamma, ga kaka wadda ta yi goyo goma, da ta dubi jariri ta san ko lafiya. Nan Kurmi kuwa, tsofaffin gidajen Sabo, waɗanda kakanninsu fataken goro da shanu suka kafa unguwar nan tun 1916, suna da tsofaffinsu, ba su da wannan damuwa. Amma yau mutanenmu sun bazu: Ojoo, Bodija, Shasha, Akinyele, kowa da ɗan ɗakinsa na haya. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 ya ƙara watsa iyalai, wadda ta saba da maƙwabciya ta wayi gari a wata unguwa ba ta san kowa ba. Saboda haka ziyarar da muke magana ba baƙon abu ba ce. Kakar nan da aka baro a gida, ita muke so mu mayar wa yaranmu mata.

Abu na farko da muka tsayar shi ne lokaci, kuma a nan ne za mu fi daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin jariran da ke rasuwa kafin su cika wata ɗaya, wajen kashi 3 cikin 4 a satin farko suke rasuwa. Wato kafin suna ke nan. Shi ya sa a 2009 ita da UNICEF suka ba da shawarar a kai wa mai jego ziyara a gida ranar farko, da rana ta 3, in da hali kuma da rana ta 7. Wani zai ce ai muna zuwa barka. Gaskiya ne, muna zuwa. Amma barka zama ne a bakin ƙofa, a sha kunu, a ce Allah ya raya, a ajiye sabulu a tashi. Wa ke buɗe zanen jariri? Mai ziyararmu kuwa za ta wanke hannu, ta karɓi yaro, ta fito da shi inda haske yake, ta duba shi tun daga kai har ƙafa.

Me za ta duba? Ko yana kama nono sosai. Ko jikinsa ya yi zafi, ko kuwa ya yi sanyi ƙalau, domin sanyin ma haɗari ne. Ta ƙirga numfashinsa da agogo, in ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa na lotsawa ciki, to ba lafiya. Ta duba ido da tafin hannu da tafin ƙafa saboda shawara. Ta duba cibi, ko ya yi ja, ko yana ruwa, ko yana wari. Ta tambaya ko ya yi jijjiga, ko ba ya motsi sai an taɓa shi. Ita ma uwar a tambaye ta: jini ya yi yawa? Akwai zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da ƙafa, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta? Ko ɗaya aka gani cikin waɗannan, babu jiran maigida ya dawo, babu aikawa kyamis. A buga masa waya, a nemi abin hawa. Garin nan ba a rasa asibiti ba: ga na unguwa, ga Adeoyo a Yemetu, ga UCH nan kusa da mu. Kuma mai ziyara ta raka su, domin sau da yawa abin da ke hana matanmu zuwa ba nisa ba ne, tsoron a yi musu tsawa da yaren da ba sa ji ne.

Sai maganar al'adu, kuma muna roƙon iyayenmu mata su yi mana haƙuri, su ma a cikin kwamitin sai da muka sha fama da su. Ba mu ce a bar wankan jego ba, ba mu ce a bar hutun arba'in ba, hutun nan alheri ne wanda wasu ƙabilu ke sha'awa. Amma akwai abin gyara. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko na jariri, a ba shi tun cikin sa'ar da aka haife shi. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata. Cibi kuma a daina gasa shi da tsumma, a daina sa masa toka ko man goge baki, akwai maganin shafawa da ake kira Chlorhexidine, a tambaya a asibiti. Kunun kanwa a rage kanwar, ruwan wanka a rage zafinsa, domin tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin nan. Batun cire beli kuwa, wanzamai na nan zaune tare da mu, 'yan uwanmu ne, mun nemi a ba mu rana dabam mu zauna da su a gaban Sarki. Mai ziyara dai ba faɗa za ta je yi ba. Ta faɗi abin da ta sani da lalama, in an ƙi yau ta dawo jibi.

Bayan suna a sake komawa kafin arba'in, daga nan kuma sau ɗaya a wata har yaro ya shekara 2. Aikin wannan lokaci mai sauƙi ne. A duba katin rigakafi: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Iyalanmu masu tafiya ne, a yi allura biyu a Ibadan a tafi gida bikin Salla a yi wata uku, kati ya ɓace, shi ke nan. A tuna musu kati ya bi yaro duk inda za shi, kuma ko an makara ba a komawa farko, ci gaba ake yi. Mun san akwai masu shakka, kuma shakkar tana da tushe, ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi kan yara a Kano a 1996 ba. Amma mu tuna da ɗaya gefen: da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003 cutar ta bazu har ƙasashen waje, da aka dage kuma, a Agustan 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 kuma yaran da ba a yi wa allura ba ya fi kamawa.

A jakar mai ziyara za a sa ɗan zaren awon damtse mai launi uku. Daga wata 6 zuwa sama ake awon, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, sai asibiti. A sa kuma ƙullin gishiri da sukari na ORS, ta nuna wa uwa yadda ake haɗa shi in yaro na gudawa, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Ban da wannan ba ta ɗaukar magani, ba ta allura. Ba likita ba ce, kada mu mai da ta likita.

Akwai wani abu da ya ba mu mamaki da muka ji shi. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure saboda rashin abinci. Wasunsu aka riƙa aika musu mace gida sau ɗaya a sati har shekara 2, ba ta kawo komai sai wasa: ta nuna wa uwa yadda za ta yi hira da ɗanta, ta kira masa sunayen abubuwa, ta yi masa abin wasa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka tarar waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗi fiye da 'yan uwansu da kashi 25 cikin 100. Ku da kuke 'yan kasuwa kun san wannan riba ce. To gwangwani da murfin kwalba ai ba mu rasa su ba, tatsuniya da waƙar reno kuwa gadonmu ne. Abin da ya rage shi ne yarinyar da kunyar ɗan fari ta hana ta ko kallon ɗanta a gaban mutane ta sami babbar da za ta ce mata, yi masa magana, yana jin ki.

Su wa za su je? A nan aka fi gardama. Wasu suka ce a ɗauki nas a riƙa biyanta. Muka ce kuɗin ƙungiya ba zai ɗauka ba, kuma ko ya ɗauka, baƙuwa mai farar riga a zaure za a tsayar da ita. Mun tsaya kan matanmu: wadda ta yi goyo, wadda ake jin maganarta, wadda ke jin Yarabanci ko ɗan Turanci. Malaman Islamiyya mata da ungozomomi su ne kan gaba. Ita kanta gwamnatin tarayya wannan hanya ta bi a shirinta na CHIPS da ta ƙaddamar a 2018, mutanen unguwa ake zaɓa su bi gidajen unguwarsu. Za mu roƙi ma'aikatan asibitin unguwa su koyar da namu, su kuma san fuskokinsu, domin in suka kawo yaro a san daga ina suke. Su tafi biyu-biyu, kuma kada a ba mutum biyu fiye da gida 15, in ya yi yawa gaisuwa kawai za a riƙa yi a wuce.

Sharaɗi ɗaya ne ba mu yarda a yi sassauci a kansa ba: riƙe sirri. Wadda ta shiga ɗakin mutane za ta ga tukunyar da ba a ɗora ba, za ta ji abin da ke tsakanin miji da mata. Ranar da maganar nan ta fito wurin biki, ranar ce ƙofofi za su rufe mana, kuma ba za su sake buɗewa ba. Duk wadda aka samu da kai gulma, ko matar wa ce, za a sallame ta. Littafin da za a riƙa rubutu a ciki ma, ranar haihuwa da ranar allura kawai za a sa, ba labarin gida ba.

Yanzu mun zo kanku, iyayenmu maza. Gidan da aka rubuta "ba shiga" ba mai shiga sai da yardar maigida, kuma mun girmama wannan. Abin da muke roƙo, kowa ya ba da izini tun matarsa na da ciki, ya kuma bar magana cewa in an ga alamar haɗari a wuce asibiti ko ba ya nan. Kada mace ta zauna da yaro yana shiɗewa tana jiran waya ta shiga. Muna roƙon limamai su faɗi wannan a masallatai, shugabannin kasuwa su faɗa wa yaransu, musamman samarin da suka kawo amare kwanan nan, domin su ne ba mu san inda suka ajiye iyali ba. In an haihu a sanar da mai unguwa ran nan, kada a bari sai an zo rabon goro.

Kuɗi kuwa ba mu nemi da yawa ba. Kuɗin mota ga masu ziyara, da katin waya, da wani ɗan asusu da za a ajiye hannun ma'aji don fitar dare, a ranta wa wanda ba shi da shi a lokacin, ya biya in ya samu. Mun ba da shawarar a ɗan ƙara wani abu a kan kuɗin wata, majalisa ta yanke nawa. Wani ɗan uwa ya ce a haɗa da rabon shinkafa da madara. Mun ƙi, ba don rowa ba, sai don mun ga yadda irin wannan ke ƙarewa: ranar da buhu ya ƙare, ranar ake daina amsa sallama.

Za mu fara da Sabo da Ojoo, mata 12, na tsawon wata 6, sa'an nan mu dawo gabanku mu faɗi gida nawa muka shiga, yara nawa muka raka asibiti, da inda muka kasa. In ya yi kyau a ƙara Shasha da Akinyele. Matan da ke son shiga su tsaya bayan an tashi su ba da sunayensu wurin sakatariyar mata, magidanta masu mota ko keke da suka yarda a tashe su da dare kuma su bar lambarsu wurin ma'aji. Allah ya raya mana zuriya.