Jawabin Buɗe Filin Padel da Yaye Sabbin 'Yan Wasa



Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, da 'ya'yanmu da ƙannenmu da muka taru dominsu a wannan yammaci, barkanmu da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci.

Ranar da ake kafa gilasan wannan fili, wani dattijo ya tsaya ya dafa kekensa, ya ce da ni: "Ɗana, wannan ɗaki mara rufi na mene ne?" Na yi masa alkawarin amsa a ranar buɗewa, ga ta kuwa ta zo.

Baba, wasan sunansa padel. A shekarar 1969 wani mutumin Meziko mai suna Enrique Corcuera ya so ya yi filin tanis a gidansa da ke Akapulko, amma wurin bai kai ba. Sai ya yi ɗan ƙaramin fili ya kewaye shi da bango, ya kuma yarda cewa ƙwallon da ta daki bango ba ta mutu ba, a ci gaba da wasa. Abokinsa Alfonso de Hohenlohe ya kai wasan Marbella ta ƙasar Sifaniya a 1974, ba da jimawa ba ya shiga Ajantina, inda ya samu karɓuwa ƙwarai. A 1991 aka kafa hukumar padel ta duniya a Madrid, aka yi gasar duniya ta farko a 1992. Daga 2022 kuma akwai babbar gasar ƙwararru ta Premier Padel, wadda ƙasar Katar ta tsaya wa. Filin da ke gabanku awonsa ɗaya da na can: tsawo mita 20, faɗi mita 10, raga a tsakiya mai tsayin santimita 88, mutum biyu a kowane gefe.

Yanzu bari in juyo gare ku, ku da muke yayewa, da ku matasa da nake hangowa a bayan waya kuna son shiga.

Duk wanda ya shigo fili a karon farko, da ƙarfinsa yake shigowa. Yana ganin ƙwallo sai ya ɗaga hannu ya maka mata, ita kuwa ta tafi kai tsaye ta daki gilashin abokan karawa ba tare da ta taɓa ƙasa ba, maki ya tafi. Dokar a fili take: dole ƙwallo ta fara sauka a ƙasan gefensu kafin ta taɓa bango. Bayan ta sauka sau ɗaya, ko ta daki gilashi tana nan da ranta, sai in ta sake taɓa ƙasa. A nan ne wasan yake, kuma a nan ne sabon shiga ya fi wahala, domin jikinsa ba ya yarda ya bar ƙwallo ta wuce shi.

Na ga ranar da wata ƙanwarmu a cikinku ta gane wannan. Kwana da kwanaki tana tarar ƙwallo da gaggawa, tana miƙa hannu tana dukan iska. Rannan ƙwallo ta zo da zafi, sai ta kauce, ta juya kafaɗa, ta bar ta ta wuce. Muka ji ƙarar gilashi, ƙwallon ta dawo a sanyaye ta gefen ƙugunta, ta ɗan durƙusa ta ɗaga ta sama can bayan abokan karawa. Ta tsaya tana duban raket ɗin hannunta kamar yau ta fara ganinsa. Ni a wurina, a ranar ta zama 'yar wasa, takardar da za mu miƙa mata yau shaida ce kawai.

Wannan bugu na ɗagawa sama, wanda mutanen Sifaniya ke kira globo, ku riƙe shi da kyau. Da shi ake korar abokan karawa daga bakin raga a karɓe wurin, kuma masu riƙe da bakin raga su ne suka fi cin maki. Kada ku yi saurin kwaikwayon manyan dukan da kuke gani a waya. Fernando Belasteguín na Ajantina ya yi shekara 16 yana na ɗaya a duniya, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne ƙarancin kuskure da iya tsayuwa a inda ya dace.

Shekara 13 daga ciki ya yi su da abokin wasa ɗaya, Juan Martín Díaz. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku matsa gaba tare, ku ja baya tare, kamar an ɗaure ku da igiya. Ƙwallo in ta biyo tsakiya, ɗaya ya buɗe baki ya ce "tawa". In abokinka ya ɓarar da maki, ka taɓa masa hannu ku ci gaba. Na ga wasanni da yawa da harara ta kashe tun kafin abokan karawa su yi komai.

Bugun farko ba shi da wuya: ka buga ƙwallo a ƙasa bayan layi, ka doke ta daidai ƙugu ko ƙasa da shi, ta tafi a karkace zuwa akwatin da ke ɗaya gefen. Dama biyu gare ka. Lissafin maki irin na tanis ne, 15, 30, 40.

Iyaye, ga abin da nake roƙonku. Ba sai kun sayi raket mai tsada ba. Mai zagayayyen kai, mara nauyi, shi ya dace da mai koyo, ya fi sauƙin sarrafawa kuma ya fi tausaya wa gwiwar hannu. Igiyar da ke gindinsa dole ce a zura ta a wuyan hannu, domin raket da ya suɓuce a cikin wannan keji yana iya raunata mutum. Takalmi ya zama mai kama ƙasa, saboda dardumar filin akwai yashi a cikinta. Da bazara kuma a zo da sassafe ko bayan la'asar, da gorar ruwa a hannu. Ina kuma roƙon ku bar 'yan matanmu su zo, mun ware musu lokacinsu, kuma wasa ne da dabara ke rinjayar ƙarfi.

Godiyarmu ga maƙera da magina da suka tsai da wannan fili, da masu horarwa da suka jure rana da ƙura. Allah ya saka da alheri, ya kare 'ya'yanmu daga rauni.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka taso ka yanke ƙyalle. Mutum huɗun farko kuma su zura igiya a hannu, su tsaya a bakin ƙofa.