Tsohuwar Da Ba Ta Fasa Zuwa Ba

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Luka, sura 2, daga aya 36 zuwa 38. Idan Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, ka buɗe ka bi da idonka.

Ayoyi uku ne kawai, amma a cikinsu Luka ya tattara rayuwar wata tsohuwa mai suna Hannatu, ta kabilar Ashiru. Shekara 7 ta yi da mijinta, sai ya rasu. Luka ya ambaci shekara 84. Waɗansu masana sun ce shekarunta ke nan a duniya, waɗansu kuma sun ce shekarun da ta yi tana gwauruwa ne, in kuwa haka ne, ta haura ɗari. Ko wanne ne, ta daɗe tana jira. Ran da Yusufu da Maryamu suka kawo jariri Yesu Haikali, tana nan. Ba sa'a ta yi ba. Tana nan ran nan domin kullum tana nan.

Wannan karatu ya tuna mana da wata uwa da muka binne a wani ƙauye a kan dutsen Filato, kudu da Jos. Ba za mu faɗi sunanta ba, kowa Kaka yake ce mata, har da masu furfura. Ba ta san shekarar haihuwarta ba. In an tambaye ta, sai ta ce ta riga ta isa goyon ƙanne sa'ad da ake kwasar maza zuwa haƙar kuza dole a lokacin yaƙin Hitila. Wannan aikin tilas kuwa tsakanin 1942 da 1944 aka yi shi. Da wannan lissafi muka gane ta kai shekara 90, ko ta ɗan wuce.

Matar manomi ce, ita ma manomiya ce. Wanda bai taɓa aikin acca ba, ba zai san abin da muke nufi ba. Ƙwayar acca ƙanƙanuwa ce kamar yashi. A watsa ta, a cire mata ciyawa da hannu a sunkuye, a yanke da lauje, a tattake, a shiƙe, a daka, sa'an nan a zauna a rairaye da ruwa a ƙwarya har tsakuwa ta rabu. Amma acca tana nuna kafin dawa, saboda haka ita ce take fara ceton gida sa'ad da rumbu ya kusa ƙarewa. Kaka ta yi wannan aiki damina fiye da saba'in. Da rani kuma, a shekarun ƙuruciyarta, takan ɗauki kwanon ƙasa a ka a wurin wankin kuza don a sami kuɗin haraji da gishiri. Har ta mutu da sule da fam take lissafi, ko da yake naira ta shigo tun 1973.

Hausa ba harshen uwarta ba ne. A ajin karatu na mai bishara ta koye ta, da yamma bayan an taso daga gona, tana da goyo a baya. Littafi Mai Tsarki da ta saya tsohuwar fassara ce, wadda ta fara fitowa a 1932, ta kuwa riƙe shi har bangonsa ya fita, ta ɗinka masa riga da ƙyallen zane. Da idonta ya dushe, sai jikoki su karanta mata. In yaro ya tsallake layi, sai ta ce, "Koma baya, ɗana, ka bar wani abu a hanya."

Kada mu sa ka yi zaton rayuwarta ta tafi sumul. Ta haifi tara. Ƙyanda ta ɗauke biyu cikin wata guda. Ɗanta na fari ya shiga soja a lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970, bai dawo ba, ba ta kuma ga kabarinsa ba. Mijinta ya yi shekaru yana shan burkutu kafin ya tuba, ita kuwa ta yi ta kai masa abinci gona, tana kai sunansa gaban Allah. Daga baya shi ma ya riga ta. Duk da haka, in aka buga ƙarfen addu'ar asuba, a cikin sanyin Disamba da ke sa samari su ƙara jan bargo, ita ce ta fari a bakin ƙofar majami'a. Ran Zumuntar Mata kuwa ba a fara waƙa sai ta ɗauki shantunta.

Yanzu mun zo wurin da ya sa muka zaɓi wannan magana, kuma wuri ne mai ba mu kunya.

Sa'ad da ta tsufa ƙwarai, wani ɗan jikanta ya kamu da zazzaɓi ya rasu. Zazzaɓin cizon sauro ne, an kuma yi jinkirin kai shi asibiti. Amma wasu dangi suka tafi wani gidan addu'a a birni, aka gaya musu wai maƙiyin yana cikin gida, wai akwai tsohuwar da take ƙara kwanakinta da na yara. Ba wanda ya faɗi kalmar maita a gabanta. Abin da ya faru shi ne, yaran da suka saba cika ƙofarta don shan gwate suka daina zuwa. In ta miƙa wa yaro gyaɗa, sai uwar ta janye hannunsa. A majami'a benci ya yi faɗi a inda take zama.

Mu shugabannin ikkilisiya mun ji wannan raɗa. Muka yi shiru. Muka ce magana ce ta gida, za ta wuce. Damina guda ta wuce, maganar ba ta wuce ba. Wadda ta kunyata mu ita ce shugabar Zumuntar Mata. Ran wata Lahadi bayan sujada ta kama hannun jikokinta biyu, ta bi ta tsakiyar gari zuwa ƙofar Kaka, ta ce da ƙarfi, "Mama, mun zo da yunwa." Suka zauna a waje inda kowa zai gani, suka ci daga ƙwarya ɗaya. Bayan wannan ne bakinmu ya buɗe a bagade. Da muka je neman gafara, Kaka ta ce, "'Ya'yana, na ga bencin. Amma ba wurin benci nake zuwa ba."

Mai sauraro, wataƙila a gidanku ko a unguwarku akwai irin wannan tsohuwa. Ta binne miji, ta binne 'ya'ya, ita kuwa tana nan, har an fara yi mata wani irin kallo. Ka tambayi kanka daga ina wannan tunani ya fito. Ba daga Littafi Mai Tsarki ba. A can Allah ne mai ba da kwanaki, ba mai iya satar na wani ya ƙara a kan nasa. Da Hannatu ta zauna a wasu ƙauyukanmu na yau, gwauruwa mai fiye da shekara tamanin, kullum ita kaɗai tana motsa baki cikin addu'a, me za a ce da ita? Luka kuwa annabiya ya kira ta.

A ɗaya gefen kuma, kada mu mai da tsawon rai ya zama shaidar adalci. A wurin jana'izar tsofaffi mukan so mu ce Allah ya biya su da shekaru. Mu yi hankali da wannan magana, gama akwai uwar da ta binne ɗan shekara ashirin tana sauraro. Manassa ya yi shekara 55 a gadon sarautar Yahuza, yawancinsu cikin mugunta. Yahaya Mai Baftisma kuwa an fille masa kai yana da ƙuruciya. Ubangijinmu kansa bai yi furfura ba. Abin da muka gani a wurin Kaka ba yawan shekarun ba ne, abin da ta zuba a cikinsu ne, asuba bayan asuba.

Manzo Bulus bai bar wannan magana a sama ba. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 5, ya ɗora nauyin gwauruwa a kan 'ya'yanta da jikokinta da farko, sa'an nan ikkilisiya ta ɗauki wadda ba ta da kowa. Mu da muke Jos, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas, mukan tura kuɗi ta waya mu ce mun gama. Kuɗin yana da amfani, kada ka daina. Amma kuɗin waya ba ya ɗebo ruwa daga rafi, ba ya duba ko jinka tana yoyo, ba ya karanta mata Zabura. Kafin sanyin bana ya sauka, ka je da ƙafarka. Ka kai bargo, ka tara mata itace. Ka tafi da yaranka, ka bar su su ci daga hannunta a gaban maƙwabta. In kuma kai fasto ne ko dattijon ikkilisiya, ka ji irin raɗar nan ta taso, kada ka jira damina guda kamar yadda muka yi.

Bayan jana'iza, matan zumunta suka shiga share ɗakinta. Kayan ba su da yawa: zane uku, shantu, Littafin nan mai rigar ƙyalle, da fartanyar da bakinta ya cinye. A bayan gado suka sami gora huɗu da aka toshe bakinsu da tsumma, cike da irin acca gauraye da toka don kada ƙwari su ci. Ta yi shekaru ba ta iya zuwa gona, amma kowace kaka takan roƙi mudu ɗaya daga sabon girbi, ta zauna a rana ta tsince shi, ta ajiye. Jikoki suka raba gora uku a tsakaninsu. Ta huɗun aka ba ikkilisiya, matasa suka watsa a gonar da ke bayan majami'a da ruwan farko.